Sikanin Kafaɗa: Tambayoyi da Amsoshi kan Yagewar Jijiyoyin da ke Riƙe da Kafaɗa

Da an ce sikanin, mai ciki ce ke faɗo wa mutanenmu a rai. Shi ya sa dattijon da aka rubuta wa sikanin kafaɗa yakan shigo yana jujjuya takardarsa, yana zaton likita ya yi kuskure. Babu kuskure. Na'urar da ke nuna jariri a mahaifa ita ce dai ke nuna jijiyoyin kafaɗa, sai dai a sauya mata kai, wato ɗan abin da ake ɗorawa a jikin fata. Ga tambayoyin da aka fi yi mana, wasu tun daga bakin ƙofa, wasu bayan an karɓi sakamako.

Wace jijiya ce ake cewa ta yage?

Kalmar jijiya a Hausa ta ɗauki kaya da yawa: da ta jini, da ta ji, da wadda ke ɗaure tsoka a jikin ƙashi, duk jijiya muke cewa. Ta ukun muke nufi a nan, irin farar igiyar nan mai tauri da wuƙar mahauci ke fama da ita, dangin agara.

Ƙashin cinya yana zaune ne cikin rami mai zurfi, kamar taɓarya a turmi. Na damtse ba haka yake ba. Kansa dunƙulalle ne, amma mazauninsa a jikin allon kafaɗa ɗan faifai ne marar zurfi. Wannan ne ya ba hannu damar juyawa ko ta ina, shi ne kuma ya sa sai an riƙe shi. Tsokoki huɗu ne ke wannan riƙon. Suna tasowa daga allon kafaɗa, jijiyoyinsu su haɗu su lulluɓe kan ƙashin damtse kamar hula. Ɗaya ta sama, ɗaya ta gaba, biyu ta baya. A Turancin asibiti su ake kira rotator cuff. Ta gaba tana juya hannu ciki, na baya suna juya shi waje, ta sama kuma tana taimakawa wajen ɗaga shi gefe.

Ta saman ce ta fi shan wahala, ita ce kuma aka fi samu a yage. A takardar sakamako za ka ga an rubuta sunanta supraspinatus. Tana bi ne ta wani matsatsin lungu, ƙarƙashin wata rumfar ƙashi da kake iya taɓawa a ƙololuwar kafaɗarka, tsakaninsu da 'yar jakar maiƙo mai rage guga.

Me ke yaga ta?

Hanya biyu ce. Ko dai lokaci guda: faɗuwa daga babur, zamewa a banɗaki a dafa ƙasa da hannu, fisgar buhu mai nauyi, ko gocewar kafaɗa, musamman ga wanda ya haura shekara 40. Ko kuma a hankali, yadda bakin rijiya ke cin igiyar guga, zare ɗaya yau, zare ɗaya gobe. Wannan ta biyun ta fi yawa nesa ba kusa ba. Shekaru ne babban dalilinta, sai aikin da hannu ke yini a sama, irin yaɓe da fenti da lodin kaya da daka. Shan taba da ciwon suga suna ƙara raunana jijiyar.

Da wace alama zan yi zargin ita ce?

Ciwon dare. Mutum ya kasa kwanciya ta ɓangaren, in ya juya cikin barci sai zafi ya tashe shi. Da rana kuma ƙananan abubuwa ne ke tona asiri: saɓa babbar riga, ɗaura ɗankwali, ɗauko kwano daga saman kanta, kai hannu baya wajen wanka. Zafin yakan zauna a gefen damtse ta waje, ba kasafai yake wuce gwiwar hannu ba. Idan yagewar ta yi girma sai rashin ƙarfi ya shigo, buta ma ta gagari ɗagawa.

Zafin da ke sauka har yatsu da jin kamar tafiyar kiyashi ya fi kama da matsalar wuya. Wanda kuma ya zo wa kafaɗar hagu tare da nauyin ƙirji da gumi da sarƙewar numfashi, wannan ba na ɗakin sikanin ba ne. A nufi sashen gaggawa.

Na yi hoton ƙashi an ce lafiya lau. Me ya sa aka sake turo ni?

Saboda hoton ƙashi, ƙashi yake gani. Jijiya na iya tsinkewa gaba ɗaya hoton ya fito tsaf. Amma kada ka ce kuɗinka ya tafi a banza: shi ne ke nuna karaya da gocewa da zaizayar gaɓa, abubuwan da sikanin ba ya nunawa da kyau. Ka zo mana da shi.

To yaya na'urar take gani ta cikin fata?

Da sauti. In ka yi magana a bakin rijiya muryarka takan dawo, kuma daga jinkirin dawowarta kana iya ƙiyasta zurfin. Haka kan na'urar yake yi: ya tura sauti cikin jiki, ya saurari abin da ya dawo, kwamfuta ta mayar da shi hoto. Kunnen ɗan Adam ba ya jin sautin da kaɗawarsa ta wuce 20,000 a daƙiƙa. Na kafaɗa kuwa yana kaɗawa ne wajen sau miliyan 10 zuwa 15.

Akwai abin lura a nan. Kan da ake duba ciki da shi mai lanƙwasa ne, sautinsa wajen miliyan 3 zuwa 5, yana nitsawa da zurfi amma ba ya fito da ƙananan abubuwa. Na kafaɗa miƙaƙƙe ne, ba ya nisa, amma yana nuna zaren jijiya dalla-dalla. Jijiyar sama kaurinta 'yan milimita ne kawai. Wanda ya ɗora maka kan duba ciki a kafaɗa, ya nemi allura ne da fitilar mota.

Man nan mai sanyi da santsi da ake shafawa ba magani ba ne. Iska ce ke tare sautin, shi kuma man yana kore ta daga tsakanin fata da na'ura.

Sai na yi azumi ko na cika mara da ruwa?

A'a. Wancan na sikanin ciki ne. Ka ci abincinka, ka sha magungunanka. Ka dai sa rigar da kafaɗa za ta fito ba da wahala ba. Mata su zo da mayafi ko zane. Kafaɗar da damtse kawai ake buɗewa, kuma babu laifi a tambaya tun wajen karɓar kati ko akwai ma'aikaciya mace, ko a shigo da 'yar rakiya. A goge man zafi kafin a zo. In an yi ƙaho ko tsaga a wurin kuma bai warke ba, a faɗa.

Me zai faru a cikin ɗakin?

A zaune ake yi, yawanci a kan kujera marar majingina, mai hoton yana tsaye a gabanka ko a bayanka. Minti 15 zuwa 30 ya isa.

Za a fara da hannunka a kan cinya, tafin yana kallon sama kamar mai addu'a. A nan ake duba jijiyar ƙwanji, wadda ke kwance cikin wani ɗan kwari a gaban ƙashin damtse. Sai a ce ka manna gwiwar hannu a haƙarƙari ka buɗe hannun waje, jijiyar gaba ta fito fili. Daga nan sai mai wuyar: "Baba, kai hannunka baya kamar za ka ciro kuɗi a aljihun baya." Dalili shi ne jijiyar sama tana ɓoye a ƙarƙashin rumfar ƙashin nan, sauti kuma ba ya ratsa ƙashi. Kai hannu baya ne ke jawo ta waje. Likitocin hoto a Amurka, irin su Crass da Middleton, su suka daidaita wannan dabara, har yau ma da sunayensu ake kiran irin wannan zaman. Bayan haka sai ka dafa ɗaya kafaɗar a duba jijiyoyin baya, a kalli mahaɗar ƙashin wuya da kafaɗa, sannan a ce ka ɗaga hannu a hankali ana kallon yadda jijiyar ke shigewa ƙarƙashin rumfar, ko tana wucewa sumul ko tana tattarewa.

Wannan na ƙarshen shi ne abin da na fi so game da sikanin. Ana ganin kafaɗar tana aiki, kuma mai ciwon yana iya sa yatsa ya ce, "Nan ne, likita," a ɗora na'urar daidai wurin. Sau da yawa mukan leƙa ɗaya kafaɗar ma don kwatance. Wata Hajiya ta taɓa riƙe mini hannu tana cewa, "Ɗan nan, ba wannan ba ce mai ciwon!" Na sani, Hajiya. Lafiyayyar ce ma'auni.

Akwai zafi ko wata illa?

Na'urar ba ta da zafi, kuma babu irin hasken da ke cikin hoton ƙashi. Mai ciki na iya yi, mai na'urar daidaita bugun zuciya ma haka, a kuma maimaita sau nawa aka ga dama. Murɗa hannun ne ke iya tayar da ciwon. In ya yi yawa ka yi magana, akwai zama mai sauƙi.

Me mai hoton yake nema a wannan allon mai toka-toka?

Lafiyayyar jijiya takan fito da haske, zarenta a jere kamar saƙar tabarma, ta lanƙwasa a kan ƙashin ta ƙare da tsini kamar bakin tsuntsu. Ƙashi farin layi ne mai kaifi, bayansa duhu. Ruwa baƙi ne.

Idan yagewar ta ratsa daga sama har ƙasa, sai a ga baƙin gibi a tsakiyar saƙar, ruwa ya cike shi. Wani lokaci babu ruwan, sai dai a ga saman jijiyar, wanda ya kamata ya yi tudu, ya lotsa, tsokar da ke samansa ta zubo cikin ramin. In aka ɗan danna sai gibin ya ƙara bayyana. A babbar yagewa kuwa jijiyar ba ta nan sam. Ta janye ta koma ƙarƙashin rumfar, kan ƙashin ya zauna tsirara.

Akwai kuma shaidu na gefe. Wurin da jijiyar ke kama ƙashi yakan yi kaushi kamar wanda ɓera ya gaigaya. Guringuntsin da ke ƙarƙashin gibin yakan yi wani haske da ba a saba gani ba. Samun ruwa a cikin gaɓar da kuma cikin jakar maiƙon a lokaci guda yana ƙara ƙarfin zargi. Ƙa'ida ita ce a ga gibin ta fuska biyu, a tsaye da a kwance, kafin a rubuta shi.

An rubuta mini "yagewar wani ɓangare". Mene ne bambancinta da cikakkiya?

Ɗauki bargo mai kauri. In ya ƙoƙe ta fuska ɗaya amma bai huje ba, wannan ita ce ta wani ɓangare, kuma an fi samunta a fuskar da ke kallon gaɓa. In ya huje har yatsa na wucewa, cikakkiya ke nan. Lura: cikakkiya ba ta nufin jijiyar ta rabu biyu. Ƙaramin huji ma, muddin ya ratsa, sunansa ke nan.

Ana auna faɗin gibin. Ƙasa da santimita 1 ƙarama ce, 1 zuwa 3 matsakaiciya, 3 zuwa 5 babba, abin da ya haura 5 kuma gagaruma. Sakamako mai kyau zai faɗi wace jijiya ce, faɗin nawa, ta janye da nisan nawa, da halin da tsokar ke ciki. Takardar da ta ce "akwai yagewa" ta yi shiru, rabin aiki ce.

Ba gara in yi MRI gaba ɗaya in huta ba?

MRI hoton cikin jiki ne da ake ɗauka da wata babbar na'ura mai maganaɗisu wadda mutum ke kwanciya a cikinta. Ya danganta da abin da ake nema. A 2013 cibiyar Cochrane, mai tace binciken likitanci, ta tattara nazarce-nazarcen da aka gwada hotunan da abin da likitan tiyata ya gani da idonsa. A cikakkiyar yagewa, sikanin ya gano wajen 92 cikin 100, MRI wajen 94. Kusan kunnen doki. A yagewar wani ɓangare ne tazarar ta fito: sikanin ya kama kusan rabi kawai, MRI kusan kashi uku cikin huɗu.

MRI ya fi ganin can cikin gaɓa: leɓen guringuntsin da ke kewaye da mazaunin ƙashi, cikin ƙashin kansa, da yawan kitsen da ya shiga tsoka. Shi ya sa likitan tiyata yakan nema kafin ya shiga aiki, haka kuma ga matashin da kafaɗarsa ke yawan gocewa. Amma kuɗinsa ya ninka na sikanin sau da yawa, ba kowane gari ke da na'urar ba, ga kwanciya cikin rami mai ƙara ba motsi. Ga mai shekara 55 da ciwon dare da raunin hannu, a ganina fara wa da sikanin a hannun wanda ya iya shi ne daidai.

Kana ta cewa "wanda ya iya". Sikanin na yin ƙarya ne?

Yana yi, kuma ƙaryarsa mai kama da gaskiya ce. Jijiya tana haske ne kawai idan sautin ya sauka a kanta a miƙe. Karkata kan na'urar kaɗan, sai lafiyayyar jijiya ta yi baƙi ƙirin kamar ta yage. Gyara hannu, haske ya dawo. Kamar shadda ce a rana, launinta na bin inda ka tsaya. Kuma daidai inda jijiyar ke lanƙwasawa ta kama ƙashi, wato inda ake yawan yagewa, nan ne wannan ruɗin ya fi faruwa. Wanda bai saba ba zai rubuta yagewar da babu ita. Ta ɗaya gefen kuma, tsohon gibin da tsoka ko kumburarren nama ya cike yana iya wucewa a matsayin jijiya.

Na sha karɓar mutum da takardar da ta tayar masa da hankali, ya yi mako bai yi barcin kirki ba yana lissafin kuɗin tiyata, a ƙarshe karkatar hannu ce. Hoton MRI ana iya kai wa wani likitan ya sake karantawa daga farko. Na sikanin kuwa 'yan hotunan da mai aikin ya zaɓa ne kawai ke fita; abin da bai ɗauka ba ya wuce.

Ƙiba mai yawa da kafaɗar da ta ƙage ba ta juyuwa su ma suna rage abin da ake gani.

To ina zan je?

Inda ake yin sikanin gaɓoɓi a kai a kai. Manyan asibitocin koyarwa da asibitocin ƙashi, irin na Dala a Kano, nan ne ya fi dacewa a fara tambaya, ko kuma ka bar likitan da ya turo ka ya faɗa maka hannun da ya yarda da shi. Kafin ka biya, tambayi abu biyu: kuna da miƙaƙƙen kan duba jijiya, kuma mai yin aikin ya saba duba kafaɗa?

An ga yagewa. Ke nan sai tiyata?

Ba dole ba. A wani ƙauyen tsauni a Japan an bi mutum 683 da sikanin, aka wallafa sakamakon a 2010: kusan kafaɗa ɗaya cikin biyar tana da cikakkiyar yagewa, da yawa daga masu ita kuma ba su san da ita ba. Kafin nan, a 1999, an duba mutanen da ba sa jin ciwon kafaɗa ko kaɗan a Jamus. Cikin masu shekara 50 zuwa 59, kashi 13 cikin 100 suna da yagewa. Cikin waɗanda suka kai 80, kusan rabi. Wato a jikin dattijo, yagewar jijiyar kafaɗa tana iya zama 'yar'uwar furfura. Ganinta a allo bai tabbatar da cewa ita ce ke hana shi barci ba. Sai an haɗa hoton da labarin ciwon da gwajin ƙarfin hannu.

Ga yagewar da ta zo a hankali, akan fara da gashi da motsa jiki a sashen fisiyo, da maganin zafi, da rage aikin sama. Gibin ba ya haɗewa da kansa, amma sauran tsokokin suna koyon ɗaukar nauyin. Wani babban bincike a Amurka da aka wallafa a 2013 ya bi irin waɗannan masu cikakkiyar yagewa, ya samu kusan uku cikin huɗu ba su kai ga tiyata ba bayan shekara biyu. Atisayen ne ke aikin, na kullum a gida, ba zaman fitila mai ɗumi kawai ba.

Yaushe ne bai kamata a jira ba?

Idan ka faɗi jiya, yau hannu ya ƙi ɗaguwa, kuma hoton ƙashi bai nuna karaya ba. A nan jinkiri asara ne. Jijiyar da ta tsinke tana janyewa kamar roba, tsokarta ta rame, kitse ya maye gurbinta, kuma wannan ba ya komawa. Abin da za a ɗinke cikin sauƙi a makonnin farko yana iya gagarar ɗinki bayan shekara. Haka ma wanda ya yi wata uku yana atisaye da gaske babu sauƙi, ko wanda rauninsa ke ƙaruwa, ya koma wajen likitan ƙashi.

Maɗori fa?

Ɗori na ƙashi ne, a nan kuwa ƙashin lafiyarsa ƙalau. Ja da murɗa ba sa haɗa jijiya. Ɗaure hannu na makonni kuma yana iya ƙara maka ciwo na biyu, kafaɗar ta sandare.

Sikanin bai nuna yagewa ba, amma ciwon na nan. Yaya ke nan?

Kafaɗa tana da wasu masu laifin. Jakar maiƙon na iya kumbura. Wani farin gari mai kama da alli na iya taruwa cikin jijiyar, zafinsa kuwa yakan sa babba hawaye. Sikanin na nuna shi sarai. Mahaɗar ƙashin wuya na iya zaizayewa. Sai kuma sandarewar kafaɗa, wadda ta fi damun masu ciwon suga. Ita wannan da hannu ake gane ta: mai yagewa in ka ɗaga masa hannun yakan tafi, mai sandarewa ko kai ka ɗaga masa ba ya tafiya. Wuya ma na aiko da ciwo kafaɗa, haka matsarmama ga ta dama. Kada kuma a manta ƙaramar yagewar wani ɓangare tana iya kuɓuce wa sikanin.

An ce za a yi mini allura ana kallo a na'urar. Don me?

Don a ga bakin allurar ya shiga jakar maiƙon, ba cikin jijiyar ba. Faɗin wurin bai wuce milimita ɗaya ko biyu ba in babu kumburi. Allurar tana kwantar da kumburi ta ba ka sararin yin atisaye, amma ba ta ɗinke komai, yawan maimaita ta kuma yana raunana jijiyar. Mai ciwon suga ya faɗa tun kafin a yi, domin takan ɗaga suga na 'yan kwanaki.

Bayan tiyata za a sake dubawa?

In akwai dalili, kamar sabon rauni ko ciwon da ya dawo. Sikanin na da amfani a nan domin 'yan ƙusoshin da ake kafe zaren ɗinkin da su ba sa ɓata masa hoto sosai. Sai dai jijiyar da aka ɗinke takan yi watanni tana fitowa da dabbare-dabbare a allo ko da tana warkewa lafiya, don haka ka gaya wa mai hoton ranar da aka yi aikin, ka kuma zo da takardar sallamarka. Hannun kan zauna a rataye kimanin mako huɗu zuwa shida, aikin ƙarfi kuma sai bayan wata huɗu zuwa shida, wani ma ya fi haka, gwargwadon girman gibin da aka ɗinke.